Tsuntsun tinamu na tsaunukan Andes: dangin fakara ne?

Mai Kiwon Zabi: Salama alaikum 'yan uwa. Yarona ne ya nuna min bidiyon wani tsuntsu a waya, wai shi tinamu na kan tsauni. Ƙirar jikinsa sak fakara, launin ƙasa-ƙasa, ba jela. Abin da ya ɗaure min kai ƙwansa ne, shuɗi-shuɗi mai ɗaukar ido. Dangin fakara ne? A ina yake zama, kuma yana cikin masu shirin ƙarewa?

Malamar Bayoloji: Wa alaikumus salam, Malam. Kama ce kawai, babu dangantaka ta kusa. Abin mamakin ma, jimina ta fi fakara kusa da shi a asali. Bambancinsa da jimina, shi yana iya tashi, sai dai tashin gajere ne, sai an matsa masa. Sunansa na kimiyya Nothocercus bonapartei, George Robert Gray ya rubuta bayaninsa a 1867, aka sa masa sunan masanin tsuntsaye Charles Lucien Bonaparte. An raba shi reshe 5. Huɗu suna yankin tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, daga Benezuwela da Kolombiya zuwa gabashin Ekwado da arewacin Feru. Na biyar, frantzii, yana can tsaunukan Kosta Rika da yammacin Panama.

Ɗan Daji: Malama ta gama magana. Ni abin da ke burge ni da shi, namiji ne ke kwanci. Mata fiye da ɗaya su zuba masa ƙwai a gindin bishiya su kama gabansu, shi ya ƙyanƙyashe, shi ya yi reno. Masu yawon kallon tsuntsaye kuwa sun fi jin kukansa fiye da ganinsa, don a ƙasan daji mai duhu da hazo yake kiwo, yana tsintar 'ya'yan itace da ƙwari.

Mai Kiwon Zabi: Ikon Allah! To batun ƙarewar fa?

Malamar Bayoloji: Ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu ta duniya, ta sa shi a rukunin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, saboda faɗin yankin da yake. Ni dai ban cika sakin jiki da wannan ba. Tsuntsun da bai iya dogon tashi, idan aka sare dajinsa don gona ko makiyayar shanu, ina zai dosa? Ga mafarauta a gefe. Reshen Kosta Rika da Panama ya fi ba ni tsoro, tunda wurinsa ɗan tsiriri ne, kuma a yanke yake da sauran.

Mai Kiwon Zabi: Allah ya ƙara sani, Malama. Bari in kira yaron ya karanta da kansa.