Tambaya kan rabon abinci a wasan The Walking Dead

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wasan The Walking Dead da kamfanin Telltale ya fitar a 2012, wanda nake bugawa a kwamfuta tare da ƙanena a gidanmu da ke Tudun Wada, Kaduna.

Mun tsaya cak a kashi na biyu, inda Lilly, mai kula da abincin rukunin, ta miƙa wa Lee, jarumin da muke sarrafawa a wasan, abinci guda 4 kacal don ya raba, alhali mutum 10 ne ke jin yunwa a masaukin da gawarwaki masu tafiya suka kewaye. Ni dai zuciyata tana ga yara, Clementine da Duck, domin ban ga yadda babba zai ci yaro yana kallo ba. Ƙanena kuwa ya dage cewa masu gyaran shinge ya kamata a fara ba, tunda idan ƙarfinsu ya ƙare babu wanda zai tsira, kuma gaskiya hujjarsa tana da nauyi.

Don Allah, waɗanda suka wuce wannan wuri, shin rabon yana sauya yadda Kenny (mahaifin Duck) da Larry (mahaifin Lilly) za su ɗauki Lee nan gaba? Kuma idan kun ba yaran biyu, sauran abinci biyun wa kuka ba?