Ƙanina ya ce sai ya busa wiwi yake samun barci

Ɗan Auyo: Salamu alaikum. Ƙanina ne, shekararsa 24. Tun da ruwa ya cinye masa shinkafa, ga bashin taki a wuya, ya daina fitowa majalisa, abinci ma sai an matsa. Shekaranjiya na kama shi da wiwi a bayan rumbu. Bai musa ba, ya ce in bai busa ba ƙirjinsa dukan uku-uku yake har asuba. Asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure zan kai shi, ko in fara gaya wa Baba? Baba na da hawan jini.

Maman Sadiƙu: A yi masa aure kawai.

Ɗan Auyo: Hajiya, matarsa da 'yarsa suna gidan.

Mai Faci: Ni shekara 6 na yi a cikinta, bayan rasuwar Innata na fara. Da fari naɗi ɗaya ya kai ni safe. Daga baya uku ba sa yi, kuma da ta sake ni damuwar na nan zaune, har da ƙari. Ko dariya aka yi a shago sai in ce da ni ake. Kawu ya kai ni gidan mari, buhun gero biyu ya bayar. Wata huɗu, ƙafata da tabo har yau, ba wanda ya taɓa tambayata me ke damuna. Ranar da na fito na nemi ashana.

Anti Nas: Allah ya ƙara lafiya, Mai Faci. Mai sha don kashe damuwa ya fi mai shan nishaɗi saurin kamuwa. Sinadarin da ke cikin wiwi, THC, kaɗan ya kwantar da hankali, in ya yi yawa shi ke tayar da fargaba. Ranar da ya bari, rashin barci da saurin fushi za su taso kamar mako biyu, sai ya ɗauka ciwon ne ya dawo. Likita ya duba damuwar da shan tare.

Alaramma Ƙarami: Duk ƙarancin zikiri ne. Ku 'yan asibiti komai ƙwaya.

Anti Nas: Malam, ranar da maleriya ta kwantar da kai, ni ka aiko wa.

Baban Hajara: Mu asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau muka je, da mota da magani dubu 15.

Mai Faci: Wace shekara? Maƙwabcinmu ya kashe sama da dubu 40 bana.

Goje: Ni barcina tuwon dawa ne da miyar kuka, ko kwabo ba ƙari.

Baban Hajara: Ku bar yaran. Mai sayarwa a garinmu sau uku ana kama shi, kafin la'asar yana shan shayi a tasha. Wa ke belinsa?

Maman Sadiƙu: Wanda ke neman su lokacin zaɓe mana.

Ɗan Auyo: Jama'a, Baban fa? In gaya masa?

Goje: Namu dillalin har babur aka raba masa.