Ciwon gwiwar hannu ta ciki ya hana ni daka

Mai hura: Salamu alaikum 'yan uwa. Hura nake saidawa a nan Tawa, kullum ina kan turmi, ga jan guga ga wanki. Yanzu gwiwar hannuna ta dama ce ke ciwo ta ciki, daidai ɗan ƙashin nan mai tudu. In na matse wanki ko na ɗaga buta sai in ji ya sauko har wuyan hannu. Ban faɗi ba, ban bugu ba, ba kumburi. Uwar mijina ta ce a kai ni wurin maɗori. In je?

Wani magini: Hajiya, ba karaya ba ce balle a ɗora. Irinsa ya taɓa kama ni saboda guduma. Maɗori zai ja hannun ne ya ƙara miki wani ciwon.

Ma'aikaciyar lafiya: Yaya, sannu. Tsokar da ke dunƙule yatsu da lanƙwasa wuyan hannu, jijiyarta a jikin wannan ƙashin take maƙale. Riƙon taɓarya da ƙarfi da murɗa wanki kullum su ke gajiyar da ita har ta yi rauni. Maganin farko shi ne rage mata aiki, amma kada ki naɗe hannu ki zauna. Ki kai surfe inji, matsar wanki kuma ki bar wa yara. Bayan aiki ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora minti 15. Farasitamol ya isa yawanci. Ibuprofen sai bayan abinci, na 'yan kwanaki kawai, kuma in kina da gyambon ciki, ciwon ƙoda ko juna biyu ki bar shi.

In zafin ya lafa, ki ɗora hannun kan cinya, tafin yana kallon sama, ki riƙe ƙaramar gorar ruwa. Ki ɗaga wuyan hannun da taimakon ɗayan hannun, sannan ki sauke shi a hankali shi kaɗai. Sau 10 zuwa 15, kullum. Wannan ne ke maido wa jijiyar ƙarfi, sai dai fa yakan ɗauki watanni.

Mai hura: Watanni! Wata ta ce allura ɗaya ke kashe shi.

Ma'aikaciyar lafiya: Tana kwantar da shi na 'yan makonni, amma sau da yawa yana dawowa, don aikin bai canza ba. Abin da zan ce ki lura da shi: in ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka fara mutuwa, ko abu yana suɓuce miki, ki tafi likita, don akwai jijiyar ji da ke bi ta bayan ƙashin nan. Haka ma in kin yi wata guda kina lallaɓawa ba sauƙi, ki nemi a haɗa ki da mai gashin ƙashi, wato ma'aikacin asibiti mai gyara gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki.

Wata dattijuwa: 'Yata, ki naɗa ƙyalle a taɓaryar ta yi kauri, riƙon ya fi sauƙi. Allah ya ba da lafiya.

Mai hura: Amin, Inna. Gobe hatsin sai inji.