Ƙanwata ta bar suyar ƙosai ta shiga koyon ɗinki a cibiyar 'yan coci?

Ɗan Gangare: Salam 'yan uwa. Shawara nake nema dan Allah, amma daga wanda ya taɓa shiga ko wani nasa ya shiga, ba mai "an ce" ba. Ƙanwata ce mijinta ya rasu bara, ta gama takaba tana nan Jos da yara 3, ƙosai take soyawa da safe a bakin layinsu, da shi ake ci da shi ake biyan haya. To akwai wata cibiya ta ƙungiyar Kirista a cikin gari suna koya wa matan da mazansu suka rasu ɗinki da saƙa da haɗa sabulu, wata 6 kyauta, akwai ɗan asibiti a ciki suna duba yara, kuma wai in an gama ana ba da keken ɗinki. Matsalar ajin daga ƙarfe 8 ne zuwa 1, daidai lokacin ƙosai. Maganar addini mun riga mun gama ta a gida, ita ba yarinya ba ce. Tambayata biyu: keken nan da gaske ana bayarwa? Kuma wata 6 ɗin nan me za su ci? Litinin ake rufe karɓar fom.

Abu Sumayya: Kar ta je malam. Ba abin da suke bayarwa a banza, yau ɗinki gobe a ce yara su zo makarantar Lahadi. Ku dangi ku haɗa mata jari kawai.

Maman Joy: Haba ɗan'uwa. Ni 'yar Zumuntar Mata ce kuma na yi aikin sa kai a irin wurin nan, rabin matan ajinmu da hijabinsu suke zuwa. E ana addu'a da safe kafin a fara, ba zan ɓoye ba, amma wadda ba ta so tana zama waje har a gama. Je ka Jankwano, asibitin mishan da ke Jos, ka ga matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari kyauta, daga ina suke fitowa? Da yawansu Musulmi ne, kuma da sallarsu suke komawa gida.

Uwar Biyu: Hmm. Yaya bari in gaya maka nawa tunda ni na shiga, a Kaduna ne ba Jos ba kuma ba zan faɗi sunan wurin ba. Awara nake yi lokacin, ina da kwastomomi 'yan makaranta da 'yan acaɓa, maƙwabciyata ta kawo min fom ta ce wata 6 ne a ba ki keke. Na ajiye kasko na tafi. Muna cikin yi aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota ya ninka, wasu ranaku da ƙafa nake zuwa da goyo. Wata 6 ya zama 9 saboda malamar ta haihu babu mai maye ta. Ranar yaye mu aka jera kekuna sababbi fil a fili, aka kafa rumfa, baƙi suka zo har da turawa, aka sa kowa ta dafa keke aka ɗau hoto, wlh har kuka na yi don murna. Baƙi na tafiya aka mayar da kekunan sito aka ce ai na rukuni ne, mutum 5 keke ɗaya, ku zaɓi gidan da za a ajiye. Namu yana Kakuri ni ina Rigasa, ka lissafa. Na dawo in ɗora awarata na tarar wata ta kafa kasko a daidai wurina, kwastomomi sun koma gunta, jarin kuma mun cinye. Addinina ba wanda ya taɓa min shi, gaskiya ɗaya ce, har wurin alwala suka yi mana. Jarina ne ya tafi.

Maman Joy: Ayya sannu 'yar uwa, wannan bai yi daɗi ba. Amma namu kowa da nata aka ba, sai dai ta biya rabin kuɗin a hankali.

Uwar Biyu: To kin ga ai ba kyauta ba kenan Anti. Shi ya sa nake cewa ya tambaya a rubuce.

Sarkin Zolaya: In dai za ta tafi a bar min kaskon da layin kwastomomi, ni da digiri na shekara 4 ina zaune, mai ƙosai ta fi ni shigar kuɗi 😂

Tela Mai Almakashi: Ni sana'ata ce shekara da shekaru. Wata 6 ba ya fitar da tela, ɗinkin miƙe kawai za ta iya da gyaran yaga, yanka kuwa sai an shekara ana ɓata yadin mutane. Kuma keken da ake ta magana Butterfly ne dubu 95, ta yi adashe ta saya ta huta.

Hajjaju: Dubu 95 a ina Malam Tela? Watan jiya na tambaya a kasuwar Taminus ta Jos aka ce min 160 da teburinsa.

Tela Mai Almakashi: Kai kaɗai nake nufi ba da ƙafa ba Hajiya.

Baban Nana: Na hannu ana samu 60, kuma tsohon ya fi na yanzu ƙarko. Koyo wurin tela a unguwa dubu 30 ne da lemo kwali ɗaya.

Hajjaju: 30 kuma? 'Yata 80 na biya mata, ban da zare da allura da yadin gwaji, ban da aiken da ake ta yi mata har da wankin yaran uwar ɗakin.

Ɗan Gangare: Jama'a na gode amma ba sayen keke na tambaya ba, in da muna da 160 ai da ban zo nan ba. Uwar Biyu, ku ana ba ku abinci ko kuɗin mota a lokacin?

Abu Sumayya: Na faɗa tun farko, ku nemi shawarar malamai ba ta matan intanet ba.

Ɗan Bauchi Road: Abu Sumayya kai da kake Kano me ka sani game da zaman Jos? Mu da muka ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, unguwanni suka rabu, mu ne za mu ce ga inda mace za ta iya tsallakawa ta dawo lafiya ga inda ba za ta iya ba. Abin da ya kamata a tambaya ke nan, a wace unguwa cibiyar take. Kuma asibitin ido na cocin ECWA da ke garinku tun 1943 ake zuwa, ka tambayi tsofaffin gidanku inda aka cire musu yana.

Abu Sumayya: Asibiti daban, ka biya kuɗinka a duba ka ka fita. Zama wata 6 daban. Kuma ni ma ina da ƙanwa ai, ba sai na zauna Jos ba.

Uwar Biyu: Ku duka biyun ba wanda ya taɓa zama ajin, amma ku ne da dogon rubutu. Yaya, shayi da burodi ne wata rana, kuɗin mota sau biyu aka taɓa ba mu.

Sarkin Zolaya: Akwai burodi? To maza fa, ana karɓar wanda budurwa ta gudu ta bari?

Hajjaju: Ni abin da ya tsaya min a labarin Uwar Biyu hoton nan ne. Kuma ba su kaɗai ba, namu ma haka suke. Azumin da ya wuce wani mai kuɗi a unguwarmu ya tara zawarawa tun safe cikin rana, taliya 3 da mudun gero, sai da kowa ta ɗaga leda aka yi bidiyo, da yamma surukata ta ga fuskarta a Facebook, kwana biyu ba ta fita ba don kunya.

Baban Nana: Wannan shi ne. Muna cewa kar a je wurin coci, to ina namu? Masallatai nawa ne a Jos, wanne ke da ajin ɗinki na matan da aka mutu aka bari? Zakka kuma sai wanda ya san wani.

Ɗan Bauchi Road: Ka bar batun zakka, ka tuna Oktoban 2020 da aka fasa sito a Bukuru, mutane har kan rufin suka hau suna fito da kayan tallafin korona alhali ana kwana da yunwa tun lokacin kulle. Ranar ba wanda ya tambayi wani addininsa, kowa buhunsa ya saɓa.

Maman Joy: Mu a layinmu sunaye aka rubuta sau uku, har da lambar waya, ko gishiri ba mu gani ba.

Hajjaju: Ku an ma rubuta. Mu cewa aka yi sai mai katin zaɓe na mazaɓar, surukata kuwa nata na ƙauye ne, haka ta dawo da ledarta a ninke. Wai ma wa ke zaɓo masu rubuta sunayen nan ne?