Gashi ya zube wuri guda kamar kwabo: shawarar ma'aikatan lafiya

Ma'aikatan lafiya sun ce a fara duba fatar wurin. In sumul take, ba ƙaiƙayi ba ɓarɓashi, galibi garkuwar jiki ce ta far wa saiwar gashin, amma saiwar na raye. Man shafawa mai ƙarfi da ake kira clobetasol yana kwantar da kumburin da wannan farmaki ke jawowa a saiwar. A shafa kaɗan, kan tabon kawai, domin yawansa na sirantar da fata. Minoxidil, ruwan maganin shafawa a fatar kai, mai kashi 5 cikin ɗari, mililita 1 safe da yamma, yana tsawaita lokacin tsirowar gashi. Sai an yi haƙurin wata 3, kuma sabon gashin fari-fari zai fara fitowa.

In akwai ɓarɓashi, musamman ga yara, mai yiwuwa makero ne. Clobetasol ƙara masa ƙarfi yake. Sai likita ya rubuta maganin sha, griseofulvin.