Neman shawara: 'yata tana son zama lauya, amma Adabin Turanci ya zame mata ƙarfen ƙafa

Uwa daga Ɗorayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga malaman makaranta da ke cikinmu. Ina da yarinya a SS2. Tun tana firamare ba ta da magana sai "ni lauya zan zama", an kuma ce mana jami'a ba ta ba da gurbin karatun lauya sai da kiredit a Adabin Turanci, wato Litirecha. To shi ne ya gagare ta. Zangon da ya wuce 38 ta ci, alhali sauran darussa ba laifi.

Abin da ke ɗaure min kai, yarinyar nan mayyar karatu ce. Littattafan Hausa na waya kwana take a kansu. Shekaranjiya shinkafa ta kama har ƙauri ya kai zaure, tana tsaye a gindin murhu da waya a hannu, wai an kusa ɗaura auren tauraruwar labarin. Amma ta ɗauki littafin makaranta, shafi biyu sai hamma. Ta ce na Afirka da ɗan sauƙi, na Turawa ne ba ta san inda suka dosa ba, waƙoƙin kuma "Umma, wallahi ba su da kai ba su da gindi". Ɗan yayata da ya gama a 2024 ya kawo mata littattafansa cike da leda, malaminsu ya ce ba su ba ne. Na sayo mata ɗan littafin taƙaitawa a Sabon Gari, shi take haddacewa yanzu. In ɗauko mai lesin ne, ko in lallashe ta ta sauya buri tun da sauran lokaci? Babanta dai ya ce kuɗin lesin sai in ni zan biya.

Malamin adabi, Gwale:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki sauya mata buri, ciwon ba na mutuwa ba ne.

Malaminsu gaskiya ya faɗa. WAEC duk shekara biyar take sauya jerin littattafai. Na ɗan yayarki jerin 2021 zuwa 2025 ne, 'yarki kuwa ta faɗo cikin na 2026 zuwa 2030. Ki karɓi jerin a rubuce daga makaranta kafin ki sake shiga kasuwa, don wasu masu shago in tsohon kaya ya kwanta musu, ce miki za su yi ai duk ɗaya ne.

Kayan kuma bai kai yawan da take gani ba. Jarrabawar takarda uku ce. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi, 20 daga cikinsu a kan wasan kwaikwayon Shakespeare, tsohon marubucin Ingila, wanda yanzu Antony and Cleopatra ne. Ta biyu ƙagaggun labarai: an sa biyu na Afirka, biyu na waje, amma tambaya ɗaya za ta amsa a kowane ɓangare. Kin ga ɗaya nan ɗaya can, in ta san su ciki da bai, ta fita. Ta uku wasan kwaikwayo da waƙoƙi, shi ma wasan ɗaya na Afirka ɗaya na waje. Waƙoƙin ne ba a tsallakewa, shida da shida, domin ba ta san wadda za ta fito ba.

Littafin taƙaitawar nan kuwa, Hajiya, ki sa shi a ƙarƙashin katifarki. Na sha duba takardun jarrabawar yara: mutum ashirin su zubo min jimla iri ɗaya, har kuskuren ɗab'in da ke cikin littafin su kwafo. Za a ce ta tattauna halin wani tauraro, ita kuma ta kwararo labarin daga farko zuwa ƙarshe kamar mai ba da tatsuniya. Ba labari mai maki yake nema ba, hujja yake nema: wane ne ya yi mene, a ina, me hakan ya nuna. Wanda bai karanta littafin da idonsa ba, ba shi da inda zai samo wannan. Bayan ta gama karatun sai ki fito mata da shi, ta yi bita.

Ɗalibar lauya a BUK:
Umma, kamar labarina kike bayarwa. Ni ma da littattafan Hausa na tashi, Litirecha kuma na tsane shi har SS2. Abin da ya buɗe min kai shi ne ranar da na gane abin da muke yi a darasin Hausa shi ne dai ake tambaya da Turanci. Jigo, salo, zubi da tsari, taurari, kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, kambamawa, amsa-amo, duk mun san su, sunan ne kawai ya sauya riga. Na raba shafi biyu, hagu sunan Hausa da misali daga waƙar da na iya, dama sunan Turanci da misali daga littafin makaranta. Wannan kaɗai ya ɗauke min rabin takarda ta farko.

A na waje kuma ta zaɓi To Kill a Mockingbird na Harper Lee. An buga shi a 1960, labarin yana faruwa ne a Alabama ta kudancin Amurka a shekarun 1930. Yarinya ce ƙarama take ba da labarin, babanta lauya ne da ya tsaya wa wani baƙar fata da aka yi wa ƙazafi, gari kuma ya juya masa baya. Surorin farko suna da jan ƙafa, ba zan ɓoye ba, wasan yara ne da zancen maƙwabta. Ta daure. In aka shiga kotu, lauyan ya fara yi wa shaidu tambayoyi, ke da kanki za ki dinga ƙwace littafin don ta yi wanke-wanke.

Baba tsohon soja, Birget:
Ni ban san adabi ba, amma jikana ya nuna min wani cikin na Afirkan, Redemption Road, na wata 'yar Laberiya, a kan rayuwa bayan yaƙinsu. Yaƙin nan an fara shi a 1989, mu sojan Najeriya muka shiga da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990. Yaron yana karantawa kamar almara, sai da na zaunar da shi na gaya masa yadda muka ga yara sa'anninsa da bindiga ta fi su tsawo. Tun ranar ya dame ni da tambaya. 'Yata, in yarinyarki shi za ta yi, ki nemo mata wanda ya san tarihin wurin ya ba ta labari tukuna.

Maman 'yan biyu:
Ni fa tsorona tarbiyya. Na ji an ce na Amurkan nan har da zancen fyaɗe a ciki, na Shakespeare kuma soyayya ce tsagwaronta. Yarinya budurwa?

Malamin adabi, Gwale:
Maman 'yan biyu, gaskiya ne akwai, tuhumar da ake yi wa mutumin ke nan a kotu. Amma shari'a ce ake yi, ba batsa ba, kuma wadda za ta zama lauya irin ƙarar da za ta tarar a gabanta ke nan. Ni da za ku bi tawa, wayar da shinkafa ta ƙone dominta ita ta fi cancantar a leƙa.

Bari in koma kan waƙoƙin, don nan yara suka fi faɗuwa. Mu Hausawa da kunne muka san waƙa. Ba wanda ya fara sanin Shata ko Ɗanƙwairo a takarda. Amma sai a miƙa wa yaro waƙar Turanci ya yi ta kallonta shiru kamar lissafi. Ta karanta da ƙarfi sau uku, sannan ta faɗa miki da Hausa: wa ke magana, da wa yake, me ya dame shi. Sai ta iya wannan za ta shiga neman adon harshe.

Kuma baƙuntar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Akwai waƙar Seamus Heaney, mutumin Ailan, mai suna Digging. Yana zaune da alƙalami, yana jiyo babansa yana haƙa a waje, ya tuna kakansa ma haka ya yi, shi kuwa ga shi alƙalami ne ya zama abin haƙarsa. Ki cire shebur ki sa fartanya, ki cire dankalin Turawa ki sa gyaɗa, kin sami labarin rabin 'yan bokon Kano da iyayensu ke ƙauye. Ta Niyi Osundare kuma, Not My Business, mutum ne ana ɗauke maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya yana cewa ina ruwansa tunda ba a taɓa doyarsa ba, har ranar da motar ta tsaya a ƙofarsa. Wa zai ce bai san mai wannan hali a unguwarsu ba? Ai Abubakar Imam ma wasu labaran Magana Jari Ce daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai ya ɗebo su, ya sa musu riga da hula, muka karanta ba mu ji baƙunta ba.

Lesin ki dakata tukuna. Shafi goma kullum bayan sallar isha, ta ba ki labarin abin da ta karanta da Hausa, ranar Asabar ta amsa tsohuwar tambaya ɗaya a rubuce ta kai wa malaminsu. In kuɗin littafi ya yi nauyi, su haɗa su uku su dinga karɓa-karɓa, wurin zama mai shiru kuma ga Laburaren Murtala nan.

Uwa daga Ɗorayi:
Na dawo da godiya, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau kwana tara muna yi. Littafin taƙaitawa yana ƙarƙashin katifa, ta neme shi har ta gaji. Jiya ta ba ni labarin wata doguwar waƙa ta wani Chaucer, wai ya rasu tun 1400. Zakara ne mai ji da murya, yanyawa ta yi ta koɗa shi har ya rufe ido ya miƙe wuya zai yi cara, ta cafke shi. Tana gudu da shi a baki, ana bin ta, sai ya ce mata ai kamata ya yi ki juya ki yi musu gatse. Tana buɗe baki ya tashi fir ya hau bishiya. Kakarta da ke kan darduma tana lazimi ta ce, "Yo wannan ai halin dila ne, Baturen a ina ya ji?" Har ƙannenta suka yi ta dariya.

Shakespeare ɗin ne har yanzu ko shafi ɗaya ba mu tsallake ba, ta ce Turancin kamar ba Turanci ba. Malam, shi kuma ta ina za mu ɓullo masa?