Yaron da karatu ya yi wa nauyi: me kuka tsara da makarantarsa?

Uwar Yara Uku: Assalamu alaikum. Ɗana na biyu shekararsa 8, amma har yanzu idan aka ba shi littafi sai ya dubi hoton ya faɗi abin da yake zaton an rubuta. Na daɗe ban gane ba saboda ƙarfin haddarsa, sai ranar da na rufe hoton da tafin hannuna na nuna masa kalma ɗaya, ya yi shiru, idanunsa suka ciko da ƙwalla. Mako mai zuwa zan zauna da malamarsa. Waɗanda suka taɓa shiga wannan hali, don Allah me kuka tsara?

Malamar Aji Biyu: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki yarda a tashi zaman da cewa kawai yana da rauni a karatu, domin wannan magana ba ta nuna wa kowa inda za a kama. Karatu hawa-hawa ne. Rahoton da wani kwamitin masana ya fitar a Amurka a 2000 ya kasa shi gida biyar: jin sautukan da ke cikin kalma, haɗa sauti da harafi, karantawa ba gargada, yawan kalmomin da yaro ya sani, da fahimtar abin da ya karanta. Ni nakan zauna da yaro shi kaɗai, in faɗi kalma da baki in ce ya ba ni sautinta na farko. Idan ya kasa, na san ba littafi ne zai fara da shi ba tukuna. A Ingila, tun 2012 ana gwada yaran aji ɗaya da kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira ne marasa ma'ana, don a bambanta mai harhaɗa baƙaƙe da mai hadda irin ɗanki.

Baban Tagwaye: Malama ta yi gaskiya, sai dai ina ƙarawa da cewa a rubuta komai. Mu an yi mana alkawari da baki cewa za a riƙa kula da 'yarmu, zango guda ya wuce ba abin da ya sauya, kuma ba wanda zan iya riƙewa. Da muka koma sai na nemi takarda ɗaya mai ɗauke da abin da ake son ta iya, da wanda zai koyar da ita, da cewa minti 20 ne sau 4 a mako cikin rukunin yara uku, sannan muka sa ranar sake zama bayan mako 6. Nawa aikin a gida shi ne minti 10 kowane dare. A Amurka ma tun 1975 doka ta wajabta rubutaccen tsari ga kowane yaro mai buƙata ta musamman, kuma da iyaye ake tsara shi.

Wata Uwa: A fara duba ido da kunne. Tawa ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnenta, shi ya sa sautuka suke cakuɗe mata.

Tsohon Ɗalibi: Yaya, ni ne irin yaron da kike magana a kai, sai da na girma aka ce mini sunan matsalar shi ne disleksiya, wato wahalar gane rubutattun kalmomi, kuma ba shi da alaƙa da ƙarancin basira. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya yi rubutu a kan wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin ƙwaƙwalwa da karatu ya gagare shi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne a tsayar da ni gaban aji in karanta da ƙarfi. Har yau ina tuna yadda takardar take rawa a hannuna. Ki roƙi malamar ta sa a cikin tsarin cewa ba za a kira shi ba zato ba tsammani, sai an ba shi layinsa ya gwada tun da farko.

Uwar Yara Uku: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe za mu je gwajin ido da kunne, kuma na riga na rubuta tambayoyina. Malama, idan mako 6 suka cika ba a ga sauyi ba, sai a ƙara lokacin ko a sauya hanyar koyarwar?